Ɗan Tsauni a Kwale-kwalen Babana

"Saki igiyar nan, Ozana!"

"Ba zan saka ba!"

Barba Tripo, yayan babana (barba muke kiran baffa da duk wani dattijo), yana riƙe da bakin igiyar, ni ina riƙe da ɗaya bakin, kwale-kwalen babana yana ta rangaji tsakaninmu a gindin dakalin jirage. Rabin mutanen Perast sun leƙo ta taga. Garinmu ke nan, titi ɗaya ne tal a bakin ruwa, in ka yi atishawa a wannan ƙarshen sai a yi maka sannu daga wancan.

"Ke ko kunya ba kya ji? Ja-in-ja da yayan ubanki a bainar jama'a?"

"Kunyar ce ta rufe mini baki tun da aka binne Baba. Yau ta ƙare, Barba."

Ya yi huci, gashin bakinsa yana rawa.

"Fashinada ta ƙarato. Tun kakan kakanmu kwale-kwalen gidanmu bai taɓa fashin shiga layi ba. Anton ya tafi bai bar ɗa namiji ba, ni kafaɗata ta mutu. Frano ya ce zai tuƙa. Ina laifi?"

Laifin kowa ya san shi. Ranar Fashinada maza ke ɗaure kwale-kwalensu da igiya, wannan a bayan wannan, su loda duwatsu, su tuƙa zuwa tsibirin cocin Maryamu su zuba a gindinsa don kada teku ta cinye shi. Mu mata namu kallo ne daga gaɓa. Kuma duk saurayin da aka ga ya riƙe filafilin gidan da ba ɗa namiji, ba sai an buga kati ba, a bakin mutanen gari an gama ɗaura masa aure da 'yar gidan.

Frano kuwa, mai fararen jirage uku masu kiɗa da ke kwasar baƙi, ya daɗe yana zagaya gidanmu kamar kyanwa a kasuwar kifi.

Na ɗaga murya yadda na taga ma za su ji.

"Vukota ne zai tuƙa!"

Barba ya saki igiyar don dariya.

"Makiyayin awakin nan? Ɗan tsaunin Nyegushi? Wanda ko baho ya shiga sai ya yi amai?"

"Magini ne. Shi ya gyara dakalin nan da kake tsaye a kai."

"To ya auri dakalin mana!"

Aka kwashe da dariya daga tagogi. Mama ta fito da gudu tana goge hannu a jikin riga.

"Tripo... Ozana... don Allah ku shigo ciki, kun tara mana gari."

Barba ya nuna ni da yatsa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Shi ke nan, na ji. Ya tuƙa. In ya kai kwale-kwalen ƙanina tsibiri, ya zuba dutse, ya dawo da shi lafiya, da hannuna zan ba shi ke. In ya kunyata mu a gaban gari, kada in ƙara jin sunansa a gidanmu. Kin yarda?"

"Na yarda!"

Sai da na faɗa na tuna mutumin da na yi wa alkawari a madadinsa ko iyo bai iya ba.

*

Yadda muka haɗu ma abin dariya ne. Ina da ƙaramin jirgi mai inji da nake zagayawa da baƙi daga Kotor zuwa Perast, in bi da su ta mashigin Verige in dawo. Wata safiya wani dogon mutum ya shigo da jakar gudumomi, ya ce in tsallaka da shi ƙauyen Stoliv. Ruwa lumui kamar man zaitun a faranti, amma ko rabin hanya ba mu yi ba ya wanke mini kujeru da amai.

Washegari sai ga shi da ƙaton cuku, girman tayar mota, wai na ban haƙuri.

"Duk wannan?" na ce.

"A garinmu ba a ba da kyautar da za a ɗauka da hannu ɗaya," ya ce yana sunkuyar da kai.

Tun daga ranar nake sonsa. Ban ɓoye wa kaina ba, ban ɓoye masa ba.

Da na gaya masa sharaɗin Barba, sai da ya zauna a kan tulin duwatsun da yake sassaƙa.

"Zana... ni da ruwa?"

"Kai da ruwa."

"Ki ce in ɗauke wancan tsaunin in kawo miki ƙofar gida, na fi ganin sauƙinsa."

"Tsaunin ya zauna inda yake. Kana sona ko ba ka sona?"

Ya ɗago idanun nan nasa masu kashe mini jiki.

"Haba hasken idona... tambaya ce wannan?"

"To gobe da sassafe, kada ka karya kumallo."

Haka muka fara. Kullum kafin baƙi su farka nakan zaunar da shi a kwale-kwalen Baba, mu bi gefen gaɓa. Ranar farko sai juyi muke a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, don hannunsa na dama, na guduma, ya fi na hagu ƙarfi. Tsofaffin da ke zaune da fatsa suka samu abin kallo kyauta.

"Ozana, ina za ki kai akuyar nan?"

"Ɗan tsauni, ja a hankali, ba itace kake faskarawa ba!"

Vukota ya yi kore, ya yi fari, ya leƙa ruwa ya ba kifaye abincinsu, ya goge baki ya sake kama filafili. Ko sau ɗaya bai ce mu koma ba.

Sannu a hankali muka fara nisa. Muka kai Risan, inda ruwan sanyi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Muka tsallaka Stoliv, muka bi gindin tsofaffin gidajen matuƙa da lemo ya leƙo ta katangarsu. Na koya masa yadda ake juya hancin kwale-kwale a fuskanci raƙumin ruwa, kada a ba shi haƙarƙari. Na koya masa iyo a bakin gaɓa, in dai za a kira abin da yake yi iyo.

Wata safiya muna shawagi kusa da Verige, tsaunuka sun kifa inuwarsu a ruwa, ya ajiye filafili yana ta kalle-kalle.

"Lafiya? Aman ne?"

"A'a. Yau ne na fara ganin wurin nan. Da can ƙasan kwale-kwale kawai nake kallo."

Na yi dariya har da hawaye. Ya kama hannuna, tafinsa duk ya yi kanta a kan kanta.

"Babanki... wane irin mutum ne?"

Na nuna masa shuɗin layin da Baba ya zana da fenti a jikin kwale-kwalen, na ba shi labarin yadda yake sabunta shi duk bazara yana waƙa da muryarsa mara daɗi. Na yi kuka a ƙirjinsa ranar, irin kukan da ban yi ba a maƙabarta. Labarin waƙar ya ɗauke mu, maganar amfanin layin ba ta zo ba.

*

A gida kuwa Mama ba ta bar ni na sha ruwa ba.

"Zai kai ki tsauni ki ƙare a tatsar awaki! Ke da aka haifa ƙafarki a ruwa! Ga Frano, ɗan gari, mun san uwarsa mun san ubansa..."

"Shi ya sa ba na sonsa, Mama. Na san shi."

"Bakinki ya fi ƙarfinki, yarinyar nan."

"A nono na sha."

Ta jefe ni da tsumman goge kwano.

Frano bai yi fushi ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Sai ma na hango shi wata yamma a shagon kofi, hannunsa a kafaɗar Vukota, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ruwa ba ya tsami banza.

"Me kuke tattaunawa da Frano?" na tambaye shi daga baya.

"Mutumin kirki ne, Zana. Ya ce komai ya wuce. Al'adun garinku yake koya mini."

"Ni ce zan koya maka al'adun garinmu! Ga tulin duwatsu can a bakin dakali, ranar ka ɗiba kamar kowa. Ka ji ni?"

Ya yi murmushi irin na mai ɓoye kyauta a bayansa.

"Na ji, ranki ya daɗe."

*

Ranar Fashinada baƙi suka yi mini yawa. Tun safe nake kai da kawowa, zagaye na ƙarshe kuma wata tsohuwa ta ɓata mana lokaci a Kotor tana neman hularta. Ko da na ɗaure jirgina a Perast rana ta yi ja, layi ya riga ya tashi.

Na kutsa cikin mata na tsaya kusa da Mama. Ga su can, kwale-kwale bayan kwale-kwale, kowanne an lulluɓe shi da rassan bishiya masu ganye. Na gaba yana ɗauke da Fada, limamin cocinmu, da dattawa, Barba a cikinsu da farar hularsa ta matuƙa. Maza suna rera tsohuwar waƙar nan mai ja, muryoyinsu na tafiya a kan ruwa.

Namu ne na ƙarshe, ɗaure a bayan na Frano. Vukota yana ja daidai, hagu da dama, bayansa a miƙe.

"Ba laifi," Mama ta ce can ƙasa-ƙasa, kamar an matse ta.

Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai idona ya sauka a jikin kwale-kwalenmu.

Shuɗin layin.

Babu shi.

Baba ya sha faɗa mana, in ruwa ya taɓa layin nan kada a ƙara ko ƙwayar zaitun. Yanzu layin ya nutse gaba ɗaya, tsakanin ruwa da bakin kwale-kwalen bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Mama... dubi layin Baba."

Ta duba. Ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Ya Ubangiji! Me yaron nan ya loda?"

Wata maƙwabciyarmu ta sa baki tana murmushi.

"Ai da mota ya sauko da su daga garinsu, manya-manya. Frano ne ma ya taya shi lodi, ya rufa masa ganye. Ya ce masa a Perast da nauyin dutse ake auna son da saurayi ke wa budurwa, na bakin dakali na yara ne."

Wayyo Vukota! Mutumin da ba ya ba da kyautar hannu ɗaya! Frano ya san inda zai kama shi.

Sai na ji ƙaho.

Ƙaton jirgin baƙi mai hawa-hawa ya baro Kotor zai fita ta Verige. Kullum nake haɗuwa da shi, na san raƙuman ruwan da yake bari a bayansa. Ga sauran kwale-kwalen rangaji ne kawai za su yi. Ga namu kabari ne.

"Vukota! Zubar da duwatsun! Vukotaaa!"

Ina! Waƙa ta danne muryata.

Na juya da gudu. Mata suka hau salati irin namu, wata ta riƙo rigata.

"Ozana, mace ba ta fita yau! Kin haukace?"

Na fizge. Na dira cikin jirgina, na tayar da inji, ina kwance igiya sai na ji jirgin ya girgiza a bayana.

Mama ce, da takalminta na coci da jakarta a hammata.

"Mama, sauka!"

"Kwale-kwalen mijina ne! Ja mu tafi, uwar surutu!"

Na ba injin wuta.

Kafin mu kai rabi raƙumin farko ya iso layin. Na ga namu ya ɗaga da ƙyar, ruwa ya kwarara ciki. Na ga igiyar da ta haɗa shi da na Frano ta miƙe. Kuma da idona na ga Frano ya sunkuya, ya kwance ta, ya jefar a ruwa.

Layi ya ci gaba da waƙarsa. Vukota ya rage shi kaɗai.

Amma ya juya hancin kwale-kwalen ya fuskanci ruwan, yadda na koya masa. Ko a cikin tashin hankalin sai da na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji.

Na zagaya na gindaya jirgina tsakaninsa da raƙuman, suka riƙa dukan haƙarƙarina maimakon nasa. Mama ta riƙe ƙarfe tana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

"Tsallako nan!" na daka masa tsawa. "Bar shi, tsallako!"

Ruwa ya kai masa ƙwauri, fuskarsa fari fat.

"Ba zan bar shi ba, Zana!"

"Ba ka iya iyo ba, wawa!"

"Na babanki ne! In ya nutse na rasa ki, in na tsallako ma na rasa ki!"

"To zubar da duwatsun! Duka! Yanzu!"

"Tun ba mu kai tsibiri ba? Frano ya ce..."

Mama ta miƙe tsaye.

"Frano ya ci gidansu! Zubar, ɗana, zubar!"

Ɗana.

Ni da shi muka dube ta lokaci ɗaya.

Sai ya watsar da ganyen. Duwatsu ne farare, sassaƙaƙƙu, kowanne sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ya riƙa sungumarsu yana wurgawa, kwale-kwalen yana ɗagowa kaɗan-kaɗan. Mama ta cilla masa bokitin da nake wanke jirgi da shi, ya hau kwarfar ruwa.

Shuɗin layin ya leƙo.

Saura dutse ɗaya a gindin ƙafarsa.

"Har da wannan!" na ce.

"Wannan kam sai tsibiri."

Ya zauna, ya kama filafili. Ya fara ja. Na rage inji na jera da shi, ban taɓa kwale-kwalen ba, ban miƙa masa igiya ba. Sharaɗin Barba shi ne ya kai da kansa.

"Ja, masoyina... ja... hagu ta fi rauni, ƙara mata... yauwa! Ja!"

*

Ko da muka isa, kowa ya gama zuba nasa. Waƙa ta tsaya. Maza sun yi cirko-cirko a cikin kwale-kwalensu suna kallon ɗan tsauni jiƙe sharkaf, da mata biyu a inda ba a saba ganin mata ba.

Frano ne ya fara magana, da dariyarsa ta masu jirage uku.

"Dutse ɗaya? Duk son ke nan?"

Ba wanda ya taya shi.

Barba Tripo ya sa aka matso da kwale-kwalen dattawa. Bai dubi kowa ba. Ya sunkuya ya jawo igiyar da ke jan ruwa a hancin namu, ya juya bakinta a hannunsa. Ba ta tsinke ba, ba ta gutsure ba.

"Wa ya kwance wannan?"

"Barba, da ya ja mu ƙasa gaba ɗaya," in ji Frano. "Ai dole..."

"Ka yi ihu? Ka ce a tsaya?"

Frano ya kau da kai.

"Tun ina yaro nake shiga layin nan," Barba ya ce. "Na ga an yi faɗa a tudu an zo an ɗaura igiya ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya kwance ɗan'uwansa a tsakiyar ruwa ba sai yau. Kauce daga gabana."

Sannan ya juyo kan Vukota.

"Kai kuma, sarkin hankali, gida za ka gina a teku? Ina sauran?"

"Suna ƙasa, Barba. Wannan kaɗai na iso da shi."

Ya sunkuya ya ɗago dutsen da hannu biyu, ya juya fuskarsa. An sassaƙe shi sumul, a jikinsa an tona ANTON da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin sunan an ja layi da shuɗin fenti.

Mama ta toshe baki da jakarta.

"Zana ta ce bai taɓa fashi ba," Vukota ya ce a hankali. "Na ga bai kamata ya yi fashi bana ba."

Barba ya daɗe yana kallon sunan ƙaninsa. Ya cire hularsa. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya tallabi gefen dutsen.

"Kama can, ni ba zan iya ni kaɗai ba."

Suka ɗaga tare, suka saki. Ruwan gindin tsibirin garau yake, muna kallon farin dutsen yana sauka har ya kwanta a kan na kakanninmu. Fada ya yi alamar gicciye. Wani tsoho ya ɗauko waƙar daga inda ta tsaya, sauran suka amsa.

Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka mai isata.

Barba ya ɗaura igiyar kwale-kwalenmu a bayan na dattawa da hannunsa, ƙulli biyu. Sai ya harare ni.

"Ozana, mace ba ta shiga layi."

Na share hawaye.

"Ban shiga layi ba, Barba. A gefe nake."

"Tonka, har da ke?" ya ce wa Mama.

"Shekara nawa ina kallo daga nesa kamar baƙuwa," ta ce tana gyara zama. "Yau na gani. In ka ga dama ka kai ƙarata wurin Fada, ga shi nan kusa da kai."

Fada ya ɗaga kai yana nazarin gajimare.

Barba ya mayar da hularsa, ya dubi Vukota sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Saura komawa. Sharaɗina har da komawa."

"Zan kai shi, Barba."

"Za ka kai shi mana, wa zai kai maka?" Ya juyo gare ni, gashin bakinsa na ɓoye wani abu mai kama da murmushi. "Ke kuma, baɗi ki koya wa mijinki lodi."

Baɗi.

Mijinki.

Vukota ya buɗe baki zai yi godiya, sai na ga fuskarsa ta canza launi. Ya yi wuf ya leƙa ɗaya gefen.

Duk layin ya ɗauki dariya, har da Fada. Amma wannan karon ba wanda ya ce akuya. Wani daga baya ya ɗaga murya:

"Ku ba surukin Anton ruwa ya kuskure baki!"

Da kaka aka ɗaura mana aure a cocin tsibirin. Danginsa suka sauko daga Nyegushi da cukun da sai da aka yi sawu biyu kafin a tsallaka da shi. Ni kuwa na ƙi shiga jirgin amarya da aka yi wa ado, na tattare farar rigata na zauna a kwale-kwalen Baba, mijina ya kama filafili.

Da muka zo daidai wurin, ya tsayar da tuƙi ba tare da na ce komai ba. Na leƙa. Gansakuka ta fara hawa, amma sunan yana karantuwa.

"Baba, ga shi nan," na ce. "Hagunsa har yanzu da saura, amma ba ya sakin abin da ya riƙe."